Gem dubu tara a jikin kaset, huɗu a ciki

Wallahi abin nan yana ci min rai. Ka shiga kasuwa nan Katsina neman tsohon kaset na gem, mai shago ya miƙo maka wani rawaya, an buga 9999 a jikinsa, ya rantse duk suna ciki. Ka koma gida ka jona a talabijin, sai ka tarar da Super Mario, Contra, gem ɗin tankar yaƙi da na harbin agwagwa, ana ta maimaita su da sababbin sunaye. Wani Mario ne aka fara daga tsakiya, wani kuma shi ɗin ne dai aka canza masa launin riga.

Tun muna yara a Ƙofar Ƙaura ake yi mana haka. Injinan da muka buga kwafi ne na Famicom, wanda Nintendo ta fitar a Japan a 1983, kaset ɗin ma kwafi. A lokacin da araha suke, mun haƙura.

Amma yanzu da suka gane akwai masu tara tsofaffin gem, wannan jabun ake tsawwala wa kuɗi, har a ce maka orijina ne. Haba Alhaji! Ka ce a gwada a shago, wai babu wuta.