Ba sangarta ba ce, ku sarara wa uwar yaron nan

Jiya a wajen wani biki a unguwar Jahun, nan cikin Bauchi, na ga abin da ya hana ni barci. Ana kunna lasifika sai ɗan ƙanwata mai shekara biyar ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, ya zube ƙasa yana ihu. Kafin uwarsa ta ɗago shi wata dattijuwa ta ce, "Ke 'yar nan, sangarta ce. Ba ni shi kwana bakwai, bulala za ta gyara miki shi."

Ƙanwata ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, likita ya ce galahanga ce." Wato abin da ake kira autism a Turance, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane.

Sai aka kwashe da dariya. Wai ciwon 'yan boko, wai su a zamaninsu ba su san shi ba.

Wallahi sun san shi. Wace unguwa ce ba ta da yaron da ake kira dolo ko gaula, wanda ake kulle wa ɗaki idan baƙi sun zo? Yaran suna nan tun fil azal, sunan ne ba mu da shi. Ko a Amurka sai a 1943 wani likita, Leo Kanner, ya bayyana alamomin a rubuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da wannan lalura.

Na san inda shakkun ya samo asali. Galahanga ba zazzaɓin cizon sauro ba ce da za a ɗebi jini a nuna maka takarda. Likita zama yake ya lura: in an kira sunan yaro yana waiwayowa? Yana haɗa ido? Yana nuna abin da yake so da yatsa? Ga yaro kuma kyakkyawa, lafiyayye a ido. Sai mutane su ce neman kuɗi ne. Gaskiya ne ba duk mai nauyin baki ke da ita ba, shi ya sa ma ake zuwa wurin masani.

Amma ku dubi a kan wa shakkun nan yake sauka. Yaron nan yakan yi awa guda yana jera marafen kwalba a bakin tabarma, in ka gusar da ɗaya gidan ya rikice. Uwarsa ta lura tun yana ɗan shekara biyu. Dangin miji suka ce ai babansa ma bai yi magana da wuri ba. Daga baya aka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da turare. Shekara biyu suka tafi a haka, lokacin da koyar da magana ya fi kama yaro. Ba addu'a nake kushewa ba, mu ma kullum cikinta muke, amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Yanzu ƙanwata ta rage zuwa suna da biki. Makaranta biyu suka dawo mata da shi, duk da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. A gida kuma ana yi mata gorin ta kasa tarbiyyar ɗa guda.

Jiya ko abinci ba ta tsaya ci ba. Ta saɓa shi a kafaɗa, takalminsa ɗaya a hannunta, na raka ta bakin titi muka tare Keke Napep. Da za ta shiga ta ce mini, "Yaya, ba ihunsa ne ke gajiyar da ni ba, bayanin da nake yi wa mutane kullum ne."