Waƙar da Landan ba ta gaji da ita ba

In ka bi shagunan unguwar Camden a Landan, da wuya ka fito ba ka ji Rehab ta Amy Winehouse ba. Tun watan Oktoba 2006 ta fito, cikin kundin Back to Black, Mark Ronson ya haɗa mata kiɗa irin na baƙaƙen Amurka na da, mai ƙaho da tafi. Zancen waƙar ɗaya ne: an ce ta je gidan gyaran masu shaye-shaye, ta ce a'a, ba inda za ta. A 2008 waƙar ta kwashe lambobin yabo na Grammy guda uku. A watan Yuli 2011 aka tsinci gawar Amy a gidanta, tana da shekara 27, giya ta kashe ta. Yanzu ga mutum-mutuminta a kasuwar Camden, ana layin ɗaukar hoto da shi.

Na taɓa jin an saka waƙar a wani bikin aure nan, amarya da ƙawayenta suna rawa suna maimaita wannan "a'a" ɗin da dariya. Sai na ji tsigar jikina ta tashi. Yarinya ce ta faɗi gaskiyar halinta a fili, duniya ta saya ta yi rawa da ita.

Kada dai mu yi saurin cewa mu mun fi su. Mu ma Shata ya yi A Sha Ruwa, kuma manyanmu sun ji daɗinta. Bambancin shi ne a gida, in abin ya shigo cikin dangi, sai a rufe baki. Yarinya tana shan kodin a ɗaki, uwa ta ce aljanu ne. Sai da BBC ta fitar da bincikenta a 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin mai kodin. Shekara guda bayan haka 'yan sanda suka fito da mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ni kam, duk da ƙyamar da nake yi wa rawar nan, na fi son a ji muryar mai ciwon. Amy ta samu ta ce a'a, kowa ya ji. Ƙanwar wani abokina a Kano, ranar da aka kai ta gidan mari ba wanda ya tambaye ta komai, maƙwabta ma aka ce musu ta tafi wurin gwaggonta a ƙauye.