Shirin safen Amurka da bencin mai shayi a Bauchi

Mutumin Amurka bai fi mutumin Bauchi sanin abin da duniya ke ciki da safe ba, duk da cewa tun ƙarfe 6 tashoshinsa na labarai ke buɗe wuta. Kullum sai na yi wannan gardama da 'yan uwa a gida, masu ganin duk wanda ba a ɗauke masa wuta, ga tashoshi barkatai, to ya gama wayewa.

Shirye-shiryen safe na talabijin da suka yi suna a nan Amurka, inda nake zaune, su ne Fox & Friends, wanda aka fara a 1998, da Morning Joe da tashar MSNBC ta ɓullo da shi a 2007. Tsarin kusan ɗaya ne. Mutum uku ko huɗu su zauna, kowa da kofin gahawa a gabansa, a yi ta hira har awa uku ko fiye. Ainihin labarin bai taka kara ya karya ba, sai a yi ta juya shi, a kira baƙo ya faɗi ra'ayinsa, a kira wani ya faɗi ra'ayinsa kan ra'ayin na farko. A tsakani kuma tallar magani, ana nuna tsoho yana wasa da jikokinsa, wata murya na zayyano illolin maganin da gudu.

Abin da ya fi damuna shi ne kowace tasha da mutanenta. Ɗan jam'iyyar Republican ya kunna Fox, ɗan jam'iyyar Democrat ya nufi wajen Joe Scarborough da matarsa Mika Brzezinski masu gabatar da Morning Joe, kowa ya fita aiki da tabbacin cewa shi ne mai gaskiya. Kuma ba ƙaramin tasiri gare su ba: a wa'adinsa na farko Donald Trump kan buga wa Fox & Friends waya ana cikin shiri, sau da yawa ma abin da aka tattauna shi zai wallafa a Twitter ba da jimawa ba. A wurin aikinmu sai da aka mayar da talabijin ɗin ɗakin hutu tashar hasashen yanayi, don a zauna lafiya.

A Bauchi rediyo ne sarki. An idar da sallar asuba, an ɗan yi lazimi, sai BBC Hausa, wadda ke nan tun 1957, ta shigo ƙarfe 6:30. RFI ta biyo baya, sannan DW. Kowacce rabin awa ta ba ka labari ta yi sallama. Sharhin kuwa mutane ne ke yin abinsu. Je ka teburin mai shayi a Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal ka gani: yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, ƙwai na soyuwa, ƙaramar rediyo a jingine da gwangwanin madara, ɗan PDP da ɗan APC a benci ɗaya. Wani ya ce, "Alhaji, ba haka aka faɗa ba fa." Ya ce, "Haba Malam, da kunnena na ji!" Dole ka saurari wanda ba ka so, tunda biredinka bai ƙare ba, kuma gobe ma tare za ku zauna. Wannan ne babu a nan Amurka. Mutum na cikin kicin shi kaɗai, an zaɓo masa abokan hirar da duk bakinsu ɗaya da nasa.

Abu guda nake yi musu hassada a kai, shi ne titsiye mai mulki kai tsaye, ba yanka ba gyara. A Najeriya ma ana yi. Sunrise Daily na Channels da The Morning Show na Arise, inda Reuben Abati da Rufai Oseni suke, sun sha sa manya gumi. Sai dai da Turanci ne, kuma sai mai dish da wuta ko janareta. Abin da ke isowa unguwa guntun bidiyo ne na minti biyu a WhatsApp, daidai wurin da aka yi cacar baki, an yar da sauran. Rediyon BRC da talabijin ɗin BATV na Bauchi kuwa na gwamnatin jiha ne, kowa ya san inda igiyarsu ta tsaya. Gari Ya Waye na Arewa24 da Hausa yake, amma ya fi karkata ga al'amuran rayuwa da nishaɗi.

Ni ba na roƙa wa Bauchi awa uku na surutu a kan kujerar alfarma. Rabin awa ya isa, da Hausa, a rediyo, bayan BBC ta sauka. A zaunar da kwamishinan ruwa ko shugaban ƙaramar hukuma, a buɗe layin waya, matar da famfonsu ya ƙafe a Yelwa ta tambaye shi da bakinta ranar da ruwa zai dawo.