Salatif Ɗin da Ya Ci Mini Mutunci

Kun dai san motata ta tsere, kun san ɗin kamfanin Holley mai maƙogwaro huɗu da nake ta cika baki a kansa. Tseren mita 402 ne. Tana tashi kamar harsashi, amma da an kai rabin hanya sai ta fara tari, ta yi laƙwas. Sau uku a jere.

Na kwance filogi, fari tas. Mai bai isa ba ke nan. Na duba fulot, abin da ke tsayar da yawan mai a kwanon kafireto, fetur na daidai gindin ramin dubawa, yadda ya kamata. Gejin ƙarfin famfon mai na kan 7 in mota na tsaye. Sai na tara jama'a ina bayani, na ɗaga jet ɗin baya, wato ƴan ƙofofin da mai ke bi a kafireto, daga lamba 80 zuwa 84, sannan 88. Abin ya ƙara lalacewa, tarin ma ya riƙa zuwa da wuri. Dole kuwa, babban jet saurin zuƙe kwanon kawai yake yi, ba ya ƙirƙiro man da bai iso ba. Kuma geji a tsaye ba shaida ba ne, sai an taka totur har ƙasa ake sanin gaskiyarsa. Nawa ashe faɗuwa yake yi zuwa 2.

Duk wannan, dattijon nan mai kujerar roba yana zaune yana kallona. Kun san shi. Wanda ya ari sifanata mai lamba 13 bara, har yau yana cewa tana but. But ɗin wace mota, oho.

Bai ko tashi ba. Ya ce, "Yaro, buɗe murfin tanki."

Na ce, "Baba, matsalar a gaba take." Har da murmushin tausayi na yi masa.

Ya ce, "Buɗe dai."

Na murɗa. Fuuuus! Tankin ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Kowa ya ji. Ƙanena ya leƙa ƙasa ya ciro salatif ɗin da na liƙe bakin tiyon shan iskar tankin da shi ranar fenti, ya ɗaga sama yana juyawa, wai don na baya su gani. Tanki ba iska, famfo na ja, mai ba ya biyowa. Ni ina tsaye da jet shida a tafin hannu, ina wari kamar gidan mai.

Na mayar da 80, mota ta tafi lafiya lau. Baba ya ce ko zan ara masa sukudireba. Na ba shi.