Dattawanmu masu ritaya a Legas suna jiran a nemi taimakonsu

A Agege, da Idi-Araba, da Obalende, da Ebute Metta inda hedikwatar hukumar jiragen ƙasa take, akwai dattawa 'yan Arewa da yawa da suka yi ritaya kuma ba su koma gida ba, domin a nan suka hayayyafa, a nan 'ya'yansu suke aiki, wasu ma a nan aka haifi iyayensu tun zamanin fataucin goro. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce mutum ya ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, saboda haka wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 22 zai dawo gida yana da 57, da ƙarfinsa da hankalinsa. Daga nan sai rayuwarsa ta taƙaita tsakanin ɗaki da bencin ƙofar masallaci.

Mu Hausawa ba mu kai iyayenmu gidan tsofaffi irin na gwamnatin jiha da ke Yaba, kuma ina goyon bayan wannan ɗabi'a ɗari bisa ɗari. Sai dai ciyar da dattijo da gaishe shi safe da yamma ba su isa ba, idan har ya wayi gari babu wanda yake bukatar abin da ya sani. Mutumin da ya shafe shekaru ana sallama a ofishinsa ana neman shawararsa, ranar da aka daina nemansa jikinsa ma yakan fara sanyi. Shi ya sa nake ganin aikin sa kai a unguwanninmu ya kamata ya fara da su a matsayin masu bayarwa.

Mu ɗauki ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Idan aka ba ta tebur ɗaya a harabar Islamiyyar matan aure ranar Asabar, da na'urar awon jini, da littafin rubuta suna da sakamako, za ta gano mata da dama masu hawan jini waɗanda ba su san suna da shi ba, domin ciwo ne da yakan daɗe a jiki bai nuna alama ba sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ita ce kuma za ta iya cewa, "Hajiya, wannan ba na jiƙo ba ne, gobe ki je asibiti," a ji maganarta, saboda furfurarta da kuma sanin da aka yi mata. Tsohon malamin firamare zai iya zama da yaran da suka kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi ba. Dattijon da ya ji Yarabanci kamar ɗan gari kuwa, ya fi kowa dacewa ya shiga tsakanin mai gida da ɗan haya, ko tsakanin 'yan kasuwa a Mile 12, tun kafin ƙaramar magana ta zama rikicin ƙabilanci.

Abin da ya hana hakan faruwa shi ne kunya da kara. Dattijon kirki ba zai tashi a masallaci ya ce ga ni ku ba ni aiki ba, kuma sanarwar da ake yi ta lasifika bayan sallar Juma'a, cewa ana neman masu taimako, kowa yakan ɗauka da wani ake. Dole kwamitin masallaci, ko wakilan Sarkin Hausawan unguwa, su taka har gida, su durƙusa su gaisa, su ce, "Baba, alfarma muka zo nema, yaranmu suna bukatar awa biyu daga gare ka ranar Asabar." Neman da aka yi wa mutum da sunansa, aka faɗa masa aikin da lokacinsa, da wuya ya ƙi shi. A kuma riƙa ba shi kuɗin mota, domin fansho bai kai a ce mutum ya ba da lokacinsa sannan ya biya ɗan Keke daga aljihunsa ba, balle a cunkoson Legas.

Matasa ma suna da nasu kason. Hukumar PTAD, mai kula da 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, ta mayar da tantance cewa ɗan fansho yana raye ta waya da intanet, inda mutum zai ɗauki hoton fuskarsa. Dattawa da yawa ba su da irin wannan waya, wasu kuma idonsu ba ya ganin rubutunta. Samari biyu masu gaskiya, waɗanda liman ya yarda da su, za su iya zama a wurin da ake awon jinin su yi wa kowa wannan hidima kyauta, da sharaɗin ba za su taɓa neman lambar sirrin katin banki ta kowa ba.

Ina roƙon kowane sakataren kwamitin masallaci da ya karanta wannan ya rubuta sunayen masu ritaya da ke sahunsa da aikin da kowannensu ya yi, maza da mata, ya kai takardar zaman kwamiti na gaba.