Idan fatalwar Marley ba ta tsorata kowa ba, an ɓata wasan

Da zarar Nuwamba ta kama, gidajen wasan kwaikwayo na biranen Amurka sai su buɗe ɗakin ajiya su fito da kayan A Christmas Carol, wasan da aka ɗauko daga littafin marubucin Ingila Charles Dickens kan wani attajiri marowaci da fatalwoyi suka sa ya tuba. Gidan wasa na Guthrie da ke Minneapolis ya fara saka shi a 1975, Trinity Rep na Providence a 1977, Goodman na Chicago a 1978, tun daga nan kuma ya zame musu al'adar ƙarshen shekara. Dalilin a fili yake. Waɗannan gidaje da kuɗin tikiti da gudummawar jama'a suke rayuwa, wannan wasa kuwa shi ke kawo iyali guda tun daga kaka har jika. Abin da aka samu a Disamba yana taimakawa wajen ɗaukar nauyin sababbin wasannin da ba su cika kujeru. Ban ga laifinsu a nan ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake zuba wa labarin sukari har ɗacinsa ya ɓace. A saki ƙanƙarar ƙarya daga saman dandamali, a jera yara masu jajayen kumatu suna waƙa, a mai da Scrooge, marowacin da labarin ke kansa, wani tsoho mai saurin fushi da ake yi wa dariya. Mai kallo ya fita da murmushi, babu abin da ya taɓa shi.

Alhali Charles Dickens da zafin zuciya ya rubuta littafin. Yana ɗan shekara 12 aka kulle mahaifinsa a kurkukun masu bashi na Marshalsea, shi kuma aka tura shi masana'antar man goge takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalba. A 1843 ya karanta rahoton gwamnati kan yaran da ake ci da guminsu a masana'antu, ya kuma ziyarci makarantar 'ya'yan talakawa ta Field Lane a Landan. Littafin ya fito ran 19 ga Disamba na wannan shekarar, kwafi 6,000 na bugun farko suka ƙare kafin ranar Kirsimeti. Kafin wata biyu su cika har an hau da shi dandamali a Landan.

Ku dubi Marley. Shi ne abokin kasuwancin Scrooge, shekara bakwai da mutuwarsa fatalwarsa ta dawo wa Scrooge yana jan sarƙa, sarƙar kuma da akwatunan kuɗi da makullai da kwaɗuna da littattafan lissafi aka ƙera ta. Kafin ya tafi sai ya kai Scrooge bakin taga. A waje fatalwoyi ne cike da sarari suna kuka, ɗayansu yana kallon wata mata da jaririnta a bakin ƙofa, yana son ya taimake ta amma dama ta riga ta wuce. Azabarsu ke nan: sun so yin alheri bayan an rufe musu ƙofa. A ganina nan ne zuciyar labarin take, kuma ba abu ne mai tsada ba a dandamali. 'Yan wasa kaɗan da fitila mai rauni da murya sun isa. Darakta da ya tsallake wannan don kada yara su firgita ya raba tubar Scrooge da dalilinta. Mutum ba ya barin rowar da ya yi shekaru a cikinta don kawai ya ji waƙa mai daɗi. Sai ya ga kabarinsa, ya ga masu yi masa aiki suna sayar da labulen gadonsa da rigar da aka sa wa gawarsa.

Haka nan yaran nan biyu da ke fitowa daga ƙarƙashin rigar fatalwa ta biyu cikin ukun da suka ziyarci Scrooge bayan Marley, namiji Jahilci, mace Fatara, ramammu cikin tsumma. Da Scrooge ya tambaya ko ba su da mafaka, sai fatalwar ta mayar masa da maganarsa ta jiya, lokacin da masu nema wa talakawa taimako suka zo ya ce ai akwai kurkuku, akwai gidajen aikin talakawa. Waɗannan gidaje na gaske ne, dokar Ingila ta 1834 ce ta yawaita su, a ciki ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta. Minti biyu ne wurin nan a wasa, amma shi ne inda Dickens ya juyo ya kalli masu zama a kujeru.

Wani zai ce labarin Kirsimeti ne, me ya haɗa Musulmi da shi? Wanda ya san cewa tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙin mutane zai gane wannan labari tun daga shafin farko. Bob Cratchit, akawun Scrooge, sule 15 ake biyansa a sati, da shi yake ciyar da iyali har da Tim, ƙaramin ɗansa gurgu mai jinya, yana kuma rawar ɗari a ofis saboda maigida ya hana gawayi.

Trinity Rep ya daɗe yana karɓar gudummawar 'yan kallo bayan wasa domin rumbun abincin mabuƙata na jihar Rhode Island, wannan kuwa ya dace da labarin. Sai dai ina son a ga haka a kan dandamalin ma. 'Yan kallo sun fi son safiyar da Scrooge ke tsalle yana aika yaro ya sayo ƙaton talotalo, a nan ake tafi. Ni kuwa washegari nake jira, ranar aiki, sa'ad da Bob ya makara ya shigo a tsorace yana zaton kora. Scrooge ya ƙara masa albashi, ya yi alkawarin tallafa wa iyalinsa, ya ce a hura wuta a sayo wani bokitin gawayi. Kada darakta ya hanzarta wannan wuri don a samu lokacin waƙar ƙarshe. A bar Bob ya tsaya cak, a bar 'yan kallo su ga yadda mutumin da ya saba da wulaƙanci ke kasa gaskata abin da kunnensa ya ji.