Garuruwa masu lamba a bakin tafkin Rusairis

Duk wanda ya taso daga Damazin ya nufi Wad al-Mahi, a jihar Nilul Azraƙ ta ƙasar Sudan, ya san garuruwan nan da ba su da suna sai lamba: Madina ta 3, ta 6, ta 7. Madatsar Rusairis tun 1966 take tsaye a kan kogin Nilul Azraƙ, amma ƙarin mita 10 da aka kammala mata a farkon 2013 ya kai ruwan da take riƙewa daga kusan mita kubik biliyan 3 zuwa sama da biliyan 7. Ruwa ya hau ƙauyuka, aka kwashe mutanensu aka tara su a garuruwa 12 a gaɓoɓin tafkin.

Ba na cikin masu cewa aikin bai yi amfani ba. Lantarki ya ƙaru, gonakin noman rani na yankin Jazira sun sami ruwa, kuma yaron da a da yake cin doguwar tafiya kafin ya ga allo ya sami makaranta a bayan gida. Abin da ke damuna shi ne, masu tsarin sun ƙirga ɗakuna, ba su ƙirga gonaki ba, ba su kuma tambayi wa zai raba gardama idan ta tashi ba.

Kawuna masunci ne, manomi kuma. A tsohon ƙauyensu, daga zaurensa yake hango kwale-kwalensa a ɗaure. Idan kogi ya ja baya sai ya bar musu laka mai baƙi, wadda Larabawa ke kira juruf, a nan Inna take shuka albasa da kuɓewa da masara ba tare da ta sayi taki ba. Yanzu yana da gida a layi miƙaƙƙe, amma da rani sai ya ɗora komarsa a jaki kafin ya kai bakin ruwa, tarwaɗa da ƙarfasar da ya kamo kuma rana ta fara taɓa su kafin ya dawo. Har yau idan baƙo ya tambaye shi garinsu, sunan ƙauyen da ke ƙarƙashin ruwa yake faɗa. Ban taɓa jin lambar ta fito daga bakinsa ba.

Kowane ƙauye ya zo da shehinsa, da limaminsa, da sanin iyakar gonar kowa. Da aka haɗa su wuri guda, ƙasar noma ta yi kaɗan, aka rasa maganar wa za a ji. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar bayan taƙaddama kan neman masarauta da Hausawa suka yi a tsarin mulkin gargajiya, a Oktoba kuma wutar ta ci garuruwan nan masu lamba na Wad al-Mahi, inda sama da mutum 200 suka rasu. 'Yan siyasa sun hura wutar, babu shakka. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar a kan ƙasa take: wane ne ɗan gari, wane ne baƙo, a garin da kowa rana ɗaya aka sauke shi daga mota?

Yaƙin basasar Sudan da ya fara a Afrilun 2023 ya rufe wannan magana, bai kashe ta ba. Ranar da mutanen da suka gudu suka koma, ina ganin kowane gari yana bukatar majalisa da za a ba kowane tsohon ƙauye kujera a cikinta, Bahaushe da Funj da Hamaj da Barta da Bafillace, a rubuta gonakin bakin ruwa da sunan masu noma su a gaban dattawan kowane ɓangare. Sannan a bar unguwanni su ɗauki sunayen ƙauyukan da ruwa ya ci, tun tsofaffi irin Kawu suna da rai, masu iya nuna wa jikoki daga cikin kwale-kwale inda masallaci yake da inda maƙabarta take.